Tsakuwa Arba'in Zuwa Tsamiya

Talata, 3 ga Satumba, hantsi

Nas ɗin asibitin Katsina ce ta ce in riƙa rubutawa. Ta ce ko rubutuna ya karkace ba komai, in dai lamba ta fito. Aji huɗu na yi. Lamba za ta fito.

Yau kwana goma sha ɗaya da aka sallamo matata Mahfuza. Zuciyarta ce ta kumbura tun bayan haihuwar Rahma, wata biyar ke nan. Muna gidansu, nan bayan Runka, don jinyar mace wajen uwarta take. Ni ina zaure. Gidan surukai ne, iyakata ƙofar ciki. Garinmu Yasore ban koma ba, wanda ya san hanyar ya san dalili.

Bari in rubuta abin da likita ya ce kada ya ɓace mini. Ya tambaye ni sana'a, na ce noma, da rani ban-ruwa. Ya ce to zuciya injin ban-ruwa ce, jijiyoyin jini su ne tiyo. Injin nata ya yi rauni. Amma ba injin kaɗai ke sa ta haki ba. Tiyon da aka naɗe aka jingine, ruwa ba ya bi ta cikinsa, tauri yake yi ya tsuke, injin ya yi ta wahalar turawa. In tana ɗan tafiya kullum, jijiyoyin ƙafa za su koyi buɗewa, jini ya isa nama, hakin ya ragu. In ta kwanta kawai, su ƙara tsukewa. A rage gishiri. Ban da kanwa ko kaɗan. Ban da wankan jego. Wannan na ƙarshe sau biyu ya faɗa yana kallona. Ya ce kuma in tana tafiya ta kasa haɗa magana, a tsaya.

Daga ƙofar ɗakinta zuwa ƙofar zaure taku ashirin ne, nata. Zuwa da komawa arba'in. Ba na ganinta sai ta iso, amma ina jin silifas ɗinta. Duk zuwa da komawa ɗaya, in ajiye tsakuwa ɗaya a kan dakali.

Yau tsakuwa uku.

Laraba, 4 ga Satumba, hantsi

Huɗu. A ta biyu ta leƙo ta ce, “Likitan zaure, ana ganin marasa lafiya yau, ko ana yajin aiki?” Na ce ana gani, amma mai surutu a bayan layi take. A ta huɗu ta iso ba ta ce komai ba, ta dafa bango. Na ce ya isa.

Na sami ma'aunina. In tana tsokanata, lafiya. In ta iso shiru, mu tsaya.

Takalman Juma'a na Baba, mahaifin Mahfuza, suna bakin zaure inda ya bar su. Na gona ya sa ranar da ya fita bai dawo ba. Kwana shida. Ba labari.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan masallaci

Sahu biyu bai cika ba.

Ɗanjuma direba ya zo da ƙafa. Shi ne mai a-kori-kurar da ta kawo mu har ƙofar gida ran da aka sallamo mu. Ya ce daga yau ba ya ƙetare rafi, iyakarsa tsamiyar da ke tsallake, ran Laraba kawai, kuma ba ya kashe mota. Na ce kati ya nuna mu koma asibiti ran uku ga Oktoba. Ya ce, “Ka kawo ta tsamiya, ni in kai ta Safana. Abin da zan iya ke nan, Abdurrahim, ina da yara.”

Ba jaki a garin nan yanzu, ba saniyar amalanke. Babur kuwa ba na son maganarsa. Kafaɗata ta hagu har yau ba ta ɗaga buta cike da ruwa.

Shida.

Asabar, 7 ga Satumba, da safe

Na taka zuwa tsamiya ina ƙirgawa. Dubu ɗaya da ɗari biyu. Ina dawowa na tuna takuna ba nata ba ne. Sai na auna sawunta a kan ƙasar ƙofar zaure, na yanki igiya daidai, na ɗaure a tsakanin ƙafafuna na sake zuwa. Wata tsohuwa ta gan ni a hanya ta yi salati ta wuce.

Dubu ɗaya da ɗari shida. Tsakuwa arba'in ke nan. Ɗari ukun ƙarshe yashin rafi ne, sai hawan gaɓa.

Na gaya wa Mahfuza. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, “An ce babu jaki a gari, ashe ga guda an yi masa dabaibayi.” Da tarin ya lafa ta ce, “Arba'in ka ce?” Na ce e. Ta kalli tsakuwa bakwai da ke kan dakali ta koma ciki.

Lahadi, 8 ga Satumba

Takwas. Dawa ta fi mutum tsawo ta kowane gefen hanya. Da can murna ake yi da haka.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan azahar

Inna Kulu, surukata, ita ke kawo mini abinci. In na ji takunta in durƙusa in sunkuyar da kai, mu gaisa ita tana kallon katanga ni ina kallon ƙasa. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ni ma haka. In akwai saƙo, Rahma da ke bayanta ake ba. Yau ta ajiye langa ta ce, “Ƙawata, ce ma mutanen Yasore ga tuwo, in suna ci da miyar lami.” Na ce, “Rahma, ki ce mun gode, Allah ya ƙara rufin asiri.” Rahma tana tsotsar hannu.

Mahfuza 'yar fari ce, ita ma Inna ba ta kama sunanta. “Wagga” take cewa, ko “mai ɗakin can”. Mahfuza ta taɓa ce mini ba ta san ɗumin bayan Inna ba. Kakarta ce ta goya ta, Inna nono kawai take ba ta, shi ma in ba mutane. Ba ƙiyayya ba ce, haka ake yi.

Goma. Ta huta sau biyu a kan turmi.

Takalman suna nan. Ba labari.

Alhamis, 12 ga Satumba, hantsi

Goma sha huɗu. Na danna ƙwaurinta da babban yatsa yadda nas ta nuna mini, wurin ya ɗan lotsa ya taso nan da nan. Ta ce jiya da filo biyu ta kwana, ba uku ba. Ta ce ƙafafunta sun daina sanyi kamar na kwaɗo.

In muka riƙe haka za mu kai.

An aiko wa mai unguwa da saƙo daga daji. Ban ji da kunnena ba. Na ga dai gidan maƙwabtanmu su Nurain suna ɗaure kaya, har da baro ɗin da na sa wa ido.

Juma'a, 13 ga Satumba

Sha uku. Ba komai, rana ta yi zafi.

Asabar, 14 ga Satumba, la'asar

Sha ɗaya. Ta yi tsokana sau ɗaya, ita ma ba ta ƙarasa ba.

Iccen da na jera bakin zaure ran Laraba ya kai ƙuguna. Yau gwiwa. Mu uku ne masu cin tuwo a gidan nan.

Lahadi, 15 ga Satumba, da safe

Tara.

Ruwan da ke fitowa ta kwatar gida yau da ɗumi, yana hayaƙi, da ganyen darbejiya dafaffe a ciki. Na tsaya na daɗe ina kallonsa. Da Mahfuza ta iso ƙofa na ga fatar wuyanta ta yi ja. Na ce, “Wanka ake yi miki?” Ta ce, “Kowa ai yana wanka.” Na ce, “Kunu fa?” Ta kalli ƙasa. A gefen bakinta akwai ɗan busasshen kunu, launin ƙasa-ƙasa, ba farin koko ba. Na san launin kunun kanwa, uwata ta haifi shida a gabana.

Ta ce a hankali, “Ka bar ta. Tun da Baba bai dawo ba, sai ranar da ta ɗora tukunyar nan na ga ta ci abinci.”

Da Baba yana nan, da liman zan samu, liman ya sami Baba, Baba ya shiga ciki ya yi magana ɗaya. Haka maganar suruki take tafiya. Liman ya tafi Safana tun ran Talata.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan azahar

Na gwada ta bakin Rahma. Na ce, “Rahma, ki ce wa Inna likita ya ce kanwa tana tara ruwa a jiki, ruwan zafi kuma yana gajiyar da zuciya.”

Inna ta gyara goyo ta ce, “Ƙawata, tambayo mini likitan nan, haihuwa nawa ya yi?”

Ta ɗauki langar jiya ta shige.

Shida.

Talata, 17 ga Satumba, hantsi

Huɗu. Ƙwaurinta yana sheƙi. Silifas ya fara matse ta.

Na yi abin da bai kamata ba. Tsakuwar kowace rana ban taɓa zubarwa ba, tuli-tuli na jera su tun daga ta farko. Suna hawa har sha huɗu, sannan suna gangarowa. Na je shagon da aka bari a buɗe na sami ɗan gutsuren kanwa a ƙasa, na farfasa, na ɗora ɗaya a kan kowane tulin da ya ragu. Na matso da su inda Inna take ajiye langa.

Ta zo ta tsaya. Ta daɗe. Ba ta yi karatu ba amma ta san tuli. Ta koma ciki ta fito da tsintsiya ta share su duka zuwa waje, a gabana, ba ta ce wa Rahma komai ba.

Na tsince su bayan ta tafi. Ina da lambar a nan.

Laraba, 18 ga Satumba

Na ji odar Ɗanjuma daga tsamiya, sau uku. Gida huɗu sun bi shi. Ya aiko cewa biyu ga wata ita ce Larabarsa ta ƙarshe, bayan ita ko gwamna ne ya nemi tsamiya ya zo da motarsa.

Biyu. Ta kwana a zaune.

Tuwo ya zo, gaisuwa ba ta zo ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Bari in rubuta tun yana sabo.

Da hantsi na ji ta fito. Ina ƙirga silifas. Tara, goma, sha ɗaya a hankali, sha biyu. Sha uku ban ji ba. Na jira. Na ce, “Mahfuza.” Shiru. Na sake kira. Sai wani numfashi kamar ana jan zarto a ɗanyen icce.

Shekara biyu da aurenmu ban taɓa taka tsakar gidan nan ba. Na yi sallama da ƙarfi na shiga.

Tana zaune a ƙasa ta jingina da turmi, baki a buɗe, leɓɓanta sun yi duhu. Bayanta tukunya tana tafasa, ga ganye a ƙwarya. Inna tana tsaye da ludayi, ɗankwalinta a kafaɗa. Da ta gan ni ta ja shi ta rufe kai ta juya baya.

Na ɗaga Mahfuza zaune sosai da hannuna mai lafiya, na yi mata fifita har numfashin ya ɗan daidaita. Sannan na durƙusa a tsakiyar gidan na ce, “Inna.”

Ban ce Rahma ba. Inna na ce.

Ba ta juyo ba. Na ce, “Inna, ki gafarce ni, na san na keta. Ki zo ki ga abu ɗaya, in ya so ki kore ni.” Na danna ƙwaurin Mahfuza na cire yatsa. Ramin ya zauna kamar an danna ɗanyen tuwo. Na fara ƙirgawa a fili. Ina ashirin da biyar ta juyo, ramin yana nan.

Ta yi magana tana kallon tukunya. Ta ce, “Kwana goma sha biyu ta yi wanka aka tashe mu. Kwana uku muna cikin kwari da ɗanyen jiki, ruwa na dukanmu. Sanyin nan ne ya shige ta. Saura ashirin da takwas ban cika mata ba. Ni bakwai na haifa, duk na yi arba'in, ga ni tsaye.”

Na ce, “Gaskiya ne, Inna. Amma ke zuciyarki ƙalau take. Tata ta gaji. Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kanwa ke riƙe shi. In ya cika ƙafa sai ya hau ƙirji.”

Ta ce, “Ubanta ban iya yi mishi komai ba. Wagga kuwa ina da icce, ina da tukunya.”

Mahfuza ce ta yi magana, kalma ɗaya-ɗaya. “Inna. Ina so. In kai. Tsamiya.”

Na ce, “Ki ba ni kwana goma sha biyu. In tsakuwa ba ta ƙaru ba, da wannan kafaɗar zan faso miki iccen.”

Inna ta tsuguna. Ta sa nata yatsan a ɗaya ƙafar ta danna ta cire. Ta zauna tana kallon ramin. Can ta tashi ta janye iccen daga murhu ta yayyafa masa ruwa. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma, ba ta miƙo mini ba, ta ajiye a ƙasa tsakaninmu. Ta ce wa katanga, “A kai zaure. A ajiye kusa da takalman.”

Kanwa ce, ta kai rabin tiya.

Likita ya ce in kumburi ya dawo a ba ta ƙwayar fitsari biyu da safe har kwana uku. Na ba ta. Yanzu ƙwayar ba za ta kai ranar kati ba, ranar Talata, ɗaya ga Oktoba, za ta ƙare.

Yau ba tsakuwa.

Juma'a, 20 ga Satumba

Hutu. Ta ce ta zaga bayi sau tara, in rubuta wannan ma tunda ina son lamba.

Asabar, 21 ga Satumba, hantsi

Uku. Mun koma inda muka fara. Kwana goma sha ɗaya ya rage.

Lahadi, 22 ga Satumba

Biyar.

Litinin, 23 ga Satumba, hantsi

Takwas. Yau takun mutum biyu na ji. Na leƙa. Inna tana bin bayanta da kujera 'yar tsugunno, in ta tsaya ta ajiye mata, tana kallon wani wuri kamar hanya ce ta haɗa su.

Miya ta koma lami. Ban taɓa jin daɗin miyar lami haka ba.

Talata, 24 ga Satumba

Sha biyu. Jijiyar bayan ƙafarta ta fito, na gan ta da idona. Ta ce in daina kallon ƙafar matar aure.

Laraba, 25 ga Satumba, la'asar

Oda sau uku. Gida shida. Na tsaya bakin zaure ina ganin bayansu har dawa ta rufe su.

Da wankan nan bai shiga tsakani ba, da yau muna cikinsu. Na rubuta wannan na so in goge. Bari ya zauna. Ba zan faɗa wa kowa ba.

Sha biyar.

Alhamis, 26 ga Satumba

Sha takwas na ajiye. Inna ta ce daga ciki, “Ƙawata, ce mishi ya ci ɗaya, sha tara ne.” Na ƙara.

Asabar, 28 ga Satumba, magariba

Jiya ashirin da ɗaya. Yau ba mu yi tafiya ba.

Tun hantsi har bayan azahar Mahfuza da Inna da Rahma suna cikin rumbu. Ni ina cikin dawa bayan katanga, ina jin tarinta tana danne shi da zane. Mutanen daji ba su shigo layinmu ba. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Da na fito da ita jikinta duk ƙaiƙayi, ta yi fari fat. Can ta ce, “Wannan tsakuwa nawa ce?” Na ce ɗari.

Lahadi, 29 ga Satumba

Sha bakwai. Mun yi baya.

Gida biyar suka rage a garin, duk tsofaffi. Ba wanda zan ce ya kama mini ita.

Litinin, 30 ga Satumba, hantsi

Ashirin da huɗu, hutu uku.

Na gwada goya ta a zaure. Taku talatin kafaɗar ta saki, na ga duhu, muka zube tare a kan tabarma. Ta ce, “Likita, in ka karye wa zai ƙirga?”

Talata, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Ashirin da bakwai. Na hana ta ƙarawa, gobe ake buƙatar ƙarfin. Ƙwayar fitsari ta ƙare yau da safe.

Ashirin da bakwai ba arba'in ba ce. Na yi ta juya lambar, ba ta canza ba. Ashirin da bakwai za ta kai mu wajen kukar da aka sare, tsakiyar dawa, inda ba gida ba mota. In mun zauna kuma babu ƙwaya, babu Laraba.

Mahfuza ta ce, “Kai da arba'in ɗinka, Inna da nata. Ni dai gobe zan taka.”

Inna ta ɗaure ƙunshi ɗaya. Ta zo zaure ta ɗauki takalman Baba ta kaɗe musu ƙura ta sa a ciki. Ta tsaya. Ta fito da su ta mayar inda suke, ta daidaita su, ƙafa da ƙafa. Ta ce wa Rahma, “In ya dawo zai je masallaci.”

Laraba, 2 ga Oktoba, la'asar, Safana

Muna tashar Safana muna jiran motar Katsina. Mahfuza tana zaune a benci ta jingina da ƙunshi, tana numfashi. Bari in rubuta.

Mun fita gari ya waye sosai. Ɗanjuma ya ce ƙarfe takwas zai iso, oda uku, tsakaninsu ɗan jira kaɗan, ta uku in ya yi ya tafi. Inna a gaba da Rahma a baya da ƙunshi a ka. Mahfuza a tsakiya. Ni a baya da kujera da gorar ruwa, ina ƙirgawa a zuci, duk arba'in in mayar da tsakuwa daga aljihun dama zuwa na hagu.

Ɗari huɗun farko tana magana. Ta ce dawar su Nurain ta fi tamu kyau, kuma laifina ne. Muka huta a ɗari huɗu. Muka huta a ɗari bakwai, a nan ta ce ƙafafunta sun yi nauyi kamar an ɗaura turmi. Hanyar ba kowa. Ko tsuntsu na ji sai in ɓata lissafi in koma.

Muka wuce kukar da aka sare. Ashirin da bakwai ta wuce, ashirin da takwas. Na ce mata, “Kin karya lambarki.” Ba ta amsa ba. Na ajiye kujera. Tana zaune muka ji oda ta farko.

Ta tashi da kanta. Daga nan taku goma, tsayawa, taku goma, tsayawa. Talatin. Talatin da ɗaya. Talatin da biyu, da taku goma a kai, ƙafarta ta taɓa yashin rafi ta nutse har idon sawu. Ta tsaya. Ga tsamiya can, ga farar motar a ƙarƙashi, mutane a tsaye a baya suna ɗago mana hannu. Leɓɓanta sun koma irin na ranar turmi. Na ce ta ce wani abu, ko zagi ne. Ta buɗe baki, iska kawai.

Oda ta biyu.

Na jefar da kujera na durƙusa a gabanta na ce ta hau. Na san taku talatin ne, na ce ko talatin ɗin.

Sai Inna ta sauke ƙunshi a yashi. Ta kwance majanyi ta zaro Rahma. Ta kalle ni, ido cikin ido, karo na farko, ta ce, “Abdurrahim, karɓi ɗiyarka.” Ta sa mini ita a hannu, hannunta ya taɓa nawa.

Ta juya ta duƙa, ta kafa hannuwa a gwiwa, ta ce, “Mahfuza. Hau.”

Mahfuza ta tsaya tana kallon bayan. Inna ta ce, “Hau na ce, ko sai na sake faɗin sunan?”

Ta hau. Inna ta ja zane ta ɗaure a ƙirji ta tamke da majanyin Rahma, ta miƙe. Ƙafafun Mahfuza suna kusan jan yashi. Na rataya ƙunshin a kafaɗa mai lafiya, Rahma a ƙirjina, na bi su. Ban san me ya sa ban daina ƙirgawa ba. Yashi yana cin ƙafar Inna tana zarewa. A tsakiya akwai ruwa zuwa ƙwauri, ta shiga ba ta rage tafiya ba. A hawan gaɓa ta durƙusa da gwiwa ɗaya, na ji ta ce bismillahi, ta tashi.

Oda ta uku ta same mu a kan gaɓa. Motar ta fara motsi. Wata mata a baya ta buga rufin da tafin hannu tana cewa ya tsaya, ga su nan. Ɗanjuma ya leƙo, ya ga abin da ya gani, ya taka birki. Ya fito da kansa ya buɗe gaba ya ce wa mutumin da ke ciki ya koma baya.

Mahfuza a gaba, taga a buɗe. Ni da Inna a baya a kan buhuna, ta juya mini ƙeya, ta karɓi Rahma ba ta kalle ni ba. Gwiwarta tana jini ta rufe da zane. Har muka wuce Runka ina leƙen gilashin baya, kan Mahfuza a jingine, ba motsi sai kafaɗa.

Mun kusa Safana motar ta tsaya a shinge. Na diro na zagaya taga. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Likitan zaure. An bar ka. Ba zaure.”

Na koma baya na zauna na rufe fuska da hula.

Da muka sauka na fito da littafin nan. Inna tana ba Rahma ruwa da murfin gora, tana kallon wani wuri. Ta ce, “Ƙawata, tambayi mai littafin nan, na yashi nawa ya ƙirga?”

Na ce, “Rahma, ki ce ɗari uku da goma.”

Ta ce, “To ce mishi ya rubuta daban. Kar ya haɗa da na mai ɗakin can, likita ya zaci ta warke ya rage mata magani.”

Mahfuza, dubu ɗaya da ɗari biyu da casa'in.

Inna, ɗari uku da goma.